Zambo a jarida: yadda aka yi wa masu sabon zane dariya a Turai

Ɗalibin Damagaram da ke karatun tarihin zanen Faransa yakan haddace sunayen salon zane irin su Impressionnisme da Fauvisme, bai san da zambo suka fara ba. Ran 25 ga Afrilu 1874 ɗan jarida Louis Leroy ya yi wa hoton mai zane Claude Monet mai suna "Impression" ba'a a jaridar Le Charivari, daga nan sunan Impressionnisme ya fito. A 1905 kuma mai sukar zane Louis Vauxcelles ya kira mai zane Matisse da abokansa namun daji, wato "fauves" da Faransanci, asalin sunan Fauvisme. Wannan da sauƙi, aikin aka soka, sunan ma ya bi masu shi har yau.

Ɓarna tana farawa ne sa'ad da ɗan jarida ya bar hoton ya koma kan mutum. In tsohon zanen ba'a ya shigo hannunka, sa tafin hannu ka rufe hoton da ake suka, ka duba wa ya rage ana yi wa dariya. A 1877 mai zanen ba'a Cham ya zana ɗan sanda yana tare wata mai juna biyu a ƙofar wurin baje kolin masu Impressionnisme, wai kallon zai yi mata illa. Ka ga raunin mace aka ara, ba a ce uffan kan launi ko layi ba.

Kada wani ya ce ai irin wasan taubasai ne. Babarbare da Bafulatani in sun haɗu a kasuwar Dole kowa yana da bakin ramawa, a tashi ana dariya tare. Wanda aka zana a shafin farko ba shi da jaridar da zai rama da ita, balle nakasasshen da aka ari hotonsa.

Jamus ce ta kai abin maƙura. A 1928 Bajamushe Paul Schultze-Naumburg, a wani littafinsa, ya jera hotunan nakasassu da marasa lafiya kusa da zanen zamani, don ido ya yanke hukunci kafin hankali ya iso. A Yulin 1937 gwamnatin Hitler ta buɗe baje kolin "lalataccen zane" a Munich: ayyuka wajen 650 da aka ƙwace daga gidajen tarihi, an cunkusa su a ƙananan ɗakuna, an rubuta ba'a a bango, an liƙa kuɗin da aka saye su don a tunzura talaka. Mutum fiye da miliyan 2 suka shiga. A 1938, a Düsseldorf, takardar tallan baje kolin "lalataccen kiɗa" ta fito da baƙar fata mai busa, an kumbura masa leɓe, an manna masa tauraron Yahudawa a ƙirji.