Gyare a cikin kunnena

Kwana uku kunnena na hagu yana kuka kamar gyare ya shige ciki. Da na je gwajin ji a asibiti, likita ta tambaye ni awa nawa nake yi da iyafis a kunne. Kunya ta sa na rage lissafin. Ta ce can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, in ƙara ta kashe su ba sa sake fitowa. Nan cikina ya ɗuri ruwa, wallahi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar sauraro ga babban mutum ita ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti), awa 40 a mako. Ni kuwa ƙure sauti nake, har na kusa da ni ya ji! Yanzu na mayar da shi rabi, gyaren dai bai gama tafiya ba.