Ɗigon shan inna da siyasar Kano

A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin akwai maganin hana haihuwa a ciki. Tsoron jama'a yana da tushe, ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Amma abin da ciwo a ce jita-jita ce ta yanke hukunci, aka ƙi sauraren sakamakon gwajin da aka yi wa maganin rigakafin.

Ɗigo biyu ne a bakin yaro ɗan ƙasa da shekara 5, zagaye bayan zagaye. Duk zagayen da aka tsallake, sabbin jarirai suna taruwa babu kariya, ƙwayar kuwa tana bin bayan gida da gurɓataccen ruwa. Sai Yulin 2004 aka dawo da rigakafin a Kano, da maganin da aka sayo daga Indunusiya. A 2006 yara sama da 1,000 suka kamu a Najeriya.