Metron Alƙahira in an tashi daga aiki

Tunda na dawo hutu daga Masar ’yan majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ba abin da suke tambayata sai dalar Fir'auna da Azhar, ni kuwa wallahi abin da ya fi tsaya min a rai jirgin nan ne na ƙarƙashin ƙasa, metro, musamman daga ƙarfe uku zuwa biyar da ma'aikata da ’yan makaranta suke tashi.

A 1987 aka buɗe shi, shi ne na farko a duk Afirka. Inda cinkoson ya fi tsanani tashar Shuhada ce a ƙarƙashin dandalin Ramsis, a da sunanta Mubarak, bayan juyin 2011 aka canja. Nan layi na ɗaya mai zuwa Helwan da Marj yake haɗuwa da na biyu mai zuwa Shubra da Giza, ga kuma babbar tashar jirgin ƙasa a sama tana ta zubo mutanen Iskandariyya da na Aswan da akwatinansu. To ka ƙiyasta da kanka. Ƙofa na buɗewa masu fita na turowa masu shiga na turawa, kai dai ka ɗaga jakarka zuwa ƙirji ka sa hannu kan aljihun da wayarka take, ba ma sai ka yi tafiya ba, jama'a za su kai ka ciki.

A ciki kuma gwiwar hannun wani a haƙarƙarinka, gumin wani a kafaɗarka, in ka faɗa tsohon tarago na layi na ɗaya fanka ce kawai take juya zafin. Kuma a haka wani zai kutso da tishu da iyafis yana talla, wani dattijo na karatun Alƙur'ani a waya ko ɗago kai ba ya yi. Kafin tasharka dole ka fara tambayar na gabanka ko zai sauka, in ya ce a'a ku yi musayar wuri, a haka a haka har ka isa bakin ƙofa. Ka yi nawa kuwa, sai ka tsinci kanka an wuce da kai ta ƙarƙashin kogin Nilu, don layi na biyu ta nan yake bi.

Mata suna da tarago biyu nasu a tsakiyar jirgin, wannan kam ya burge ni ƙwarai, Hajiyarmu da na ba ta labari cewa ta yi “to ai sun yi hankali”.

Duk da matsin nan ban taɓa jin haushin shi kamar yadda nake jin haushin zama a tasha ina jiran motar Kano ta cika ba, mutum huɗu a baya biyu a gaba, ɗan kamasho na ta rantse maka saura mutum ɗaya. Can in wannan ya cika ka bar shi, ’yan mintoci wani ya iso. Kuɗin tikiti ma gwargwadon yawan tashoshin da za ka wuce ne, ka sa a na'ura ka shiga, ka adana shi don sai da shi za ka fita, ba ciniki ba rikicin canji.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne, amma in ya fara aiki ina so a kwaikwayi taragon matan nan tun ranar farko.