Mi kake saidawa? Tahiyar ƙasa daga Kwatano zuwa Wida

Mu ƴan Adar babu mai koya muna tahiyar ƙasa. Babana ya yi shekaru yana cirani Abijan, faifan agogo da tabarau bisa kai, tun sahe har magariba yana taka kwalta, amma in ka tambai shi teku sai ya ce ya sha jin rurinta wajen Por-Buwe, sa ƙafa ciki dai bai taɓa ba, wa ke da lokacin wasan ruwa. To ranar da na gaya mishi nan gida Tawa cewa ni da taubashina za mu Kwatano mu bi bakin teku da ƙafa muna kwana tanti, sai yac ce mi za ku kai? Na ce ba komi Baba. To mi za ku sawo? Na ce ba komi. Ya dubi Inna yac ce boko ta gama da yaran ga.

Dabarar ta taubashin nawa ce, muna ce mishi Mushe, yadda ake kiran malaman boko, don koyarwa yake wani lise Yamai. Shi ne ya nace ma bidiyon anasaru masu bin wata hanya ta Biritaniyar Faransa, GR34, wadda ƴan duwan sunka riƙa bi tun 1791 suna tsaron ƴan sumoga, ta hi kilomita 2000 kuma duk gaɓar teku take bi, mutum ya ɗau sak da tanti ya yi ta tahiya wai hutu ne. Mushe yac ce mu ba mu da biza amma muna da Benin, daga Fijirose cikin Kwatano zuwa Wida wajen kilomita 40 ne ta hanyar masunta. Wannan kahin a ruhe gadar Gaya a 2023 ne, lokacin da kar ke ɗaukarka Dosso, Gaya, Malanbil, Kandi, Paraku har Kwatano kai dai ka yi ta barci. Munka kwana Zango wajen wani ɗan garinmu mai shayi, ya ba mu tabarma ya yi muna dariya son ranshi, da asuba zemijan, kabu-kabun Kwatano mai rigar ɗorawa, ta aje mu bakin ruwa.

Ban iya kwatanta ganin farko. Ni tabkin Tabalak da kogin Yamai su ne iyakar ruwana, kuma duka kana hango ƙetare. Wannan babu ƙetare. Ga ƙara ba ta tsayawa ko ta minti guda, sai nan na gane abin da ya sa Bahaushe ya ce ma igiyar ruwa raƙumi, haka suke tasowa ayari ayari su durƙusa gabanka.

Na shigo da fankama, wai ni ɗan rairayi. Ashe rairayi suna suka tara. Busasshen na sama ƙafa nutsewa take kamar kana tahiya cikin rumbun gero, jiƙaƙƙen na ƙasa shi ne mai tauri amma gangare gare shi, mu kuma yamma munka nufa teku na hagu, ƙafar hagu kullum ƙasa ta dama bisa, kahin azahar ƙuguna ya fara kuka. Wani tsoho mai gyaran taru shi ya gaya muna da faransancinshi na kasuwa cewa ruwan cika yake ya janye sau biyu tsakanin yini da dare, mu bi shi sa'ad da ya janye, in ya cika mu hau inuwar kwakwa mu ba shi wuri. Yac ce kuma kada mu kuskura mu wuce gwiwa, ruwan nan ta ƙasa yake janye mutum. Wannan gargaɗin bai buƙaci maimaici ba, dama ni ko tabki ban iyo.

Sai tambayar da ta bi mu har ƙarshen tahiya. Duk inda munka ratsa, mata masu ƙyafe kihi, yara, masu gadin wuraren shaƙatawa na Togbin, da sun ga dogon Bahaushe da sak da butar shayi rataye sai a yafuto mu, aboki mi kake saidawa? Wata har buɗe sak ɗina ta yi tana neman man zahi. In mun ce yawo muke sai su tuntsire da dariya, yawo ai na anasara ne. Kuma ban ga laihinsu ba, duk ɗan Nijar da sunka taɓa gani bakin ruwan nan ko tabarau ko kilishi ko yankan farce. Mushe abin ya riƙa ɓata mishi rai, ni ko Baba kawai nake tunawa ina dariya.

Daren farko kwalta ta ƙare mun wuce Adunko. Ba a kafa tanti haka kawai garin mutane, sai da munka nemi mai gari munka gaishe shi da goro, ya sa yaro ya gwada muna wuri can bisa tudu inda ruwa bai kaiwa, ya kuma nuna wani icce ɗaure da farin ƙyalle yac ce kada mu matsa, wurin bodun ɗinsu ne, wato abin bautarsu na gargajiya. Munka ce mun ji mun bi. Tantin namu bash ce da Mushe ya sawo kasuwar Katako ta Yamai da sange biyu, munka ɗaure jikin kwakwa, sai yaron ya ɗaga kai ya nuna muna ƴaƴan da ke reto daidai saitin kawunanmu, dole munka sake wuri. Alwala da ruwan teku munka yi, Mushe ya kawo hadisin nan na Muwaɗɗa cewa ruwanta mai tsarkakewa ne mushenta kuma halas, gaskiya ne amma hadisin bai ce kurkurar baki za ta yi daɗi ba. Ga ruwa iya ganinka, mu kuma muna lissahin piyawata huɗu da sunka rage muna kamar masu ƙetara Tenere.

Barci kam kaɗan. Sauro na tasowa daga tabkin da ke bayan garin, ƙaguwa na yawo bisa bash, raɓa mai gishiri ta jiƙa komi, ashana ta ƙi kamawa sai da munka roƙo garwashi kahin mu dafa shayi. Kilishin da na yi guzuri, wanda Tawa zai wata uku garau, kwana guda ya yi laushi kamar tsumma.

Rana ta biyu ita ce ranar da ba ni mantawa. Wajen Abileketa munka iske ana jan taru. Babban jirgi ya kai shi can cikin ruwa tun da sahe, igiya biyu na tudu, kowace da layin mutane, maza da mata da yara, suna waƙa suna ja da baya taki guda guda, na ƙarshe ya naɗe igiyar jikin kwakwa ya dawo gaba. Wani ya miƙo min igiya ba ko sallama. Na aje sak na kama. Na ɗauka jan guga ne na rijiyoyinmu masu gaba talatin, ashe wannan awa da awa ake yi, tahin hannuna ya yi bororo ya fashe gishiri ya shiga, Mushe na gehe wai shi mai ɗaukar hoto ne, malalaci dai, dama gidan kawu ba a gaji aiki ba. Da tarun ya hito aka raba, duk wanda ya ja yana da rabo, aka zuba min ƙananan kihi cike da hula. Ranar babu wanda ya tambai ni abin da nake saidawa.

Rana ta uku ƙafar Mushe ta kumbura cikin basket ɗinshi sabuwa, ni da silifa ta lahiya lau. Munka biya Jegbaji inda mata ke kankaro ƙasar bakin tabki su tace ta cikin manyan kwanduna su dafa ruwan har ya zama gishiri, sak yadda ake na Foga can wajen Gaya. Na sayi ƙulli biyu.

Da la'asar munka iso Ƙofar Ba Dawowa, wadda aka gina 1995 bakin ruwan Wida. Daga dandalin Shasha cikin gari zuwa nan wajen kilomita 4 ne, nan aka riƙa koro bayi zuwa jirage. Mushe, da ya saba surutu kamar rediyo, a hankali ya gaya min cewa har da Hausawa cikinsu, an kai su Bahiya ta Barazil, kuma a 1835 cikin azumi musulmin bayi sunka yi bore birnin Salbado, aka iske layu da rubutun arabiyya jikinsu. Su ma da ƙafa sunka zo tun daga arewa. Na zamna bisa rairayi ina duban bororon tahiyar kwana uku da nake ta ƙorahi a kai. Wani yaro mai tallar sarƙoƙin wuri ya matso zai yi magana, ya dube mu, ya wuce.

Niyyarmu da mu kai Garan-Popo inda kogin Mono ke shiga teku, amma ƙafar Mushe ta ƙi, sai munka hau zem, kada ya ce muku ni ne na gaza.

Da na komo Tawa na miƙa ma Inna buta cike da ruwan teku, ta ɗanɗana ta tofar tac ce wannan ko jaki ba ya sha. Baba bai ko dubi butar ba. Ƙullin gishirin ya jawo ya kwance, ya murza da yatsa ya lasa, yac ce ashe dai ka sawo wani abu. Nawa sunka bar maka shi? Na faɗi. Ya yi shiru yana motsa yatsu, sannan yac ce buhu fa, in ka ɗau buhu nawa za su bari?