Ayahuwaska da zakami

Jiya wani Bature abokin aikina ya ba ni labarin zuwansa Peru. Ya sha ayahuwaska, dafaffen ruwan sassaƙe da ganyen dajin Amazon, ya kwana amai, da asuba ya fashe da kuka, wai ya yafe wa mahaifinsa da ya rasu. Ban ƙaryata shi ba, don na ga ƙwalla a idonsa.

Ni kuwa zakami na tuna. Ɗan maƙwabcinmu ya sha a shayi, wai zai ga gaibu. Kwana biyu yana damƙar iska, bakinsa ya bushe ƙamas, ko mahaifiyarsa bai gane ba. Na san sinadarin ba ɗaya ba ne, amma da Baturen ya ce ko zan gwada, na ce a'a. Wuridina na bayan asuba, da hankalina nake son yinsa.