Agogon Makka da ganuwar da ya gada

Duk alhajin da ya ɓata a Makka, shawarar farko da mu mazauna Shara Mansur muke ba shi ita ce ya ɗaga kai ya nemi agogo, domin Harami yana gindin hasumiyar. Tsayinta mita 601 ne, agogon yana da fuska huɗu, faɗin kowace mita 43, kuma an fara gwada shi a watan azumin 2010 kafin a kammala ginin a 2012. Idan lokacin salla ya yi, fitilu kore da farare suna walƙiya a ƙololuwarsa, ta yadda wanda kiran salla bai kai kunnensa ba zai gani da ido.

Kakata ba ta taɓa duba shi don sanin lokaci ba. Tana yarinya aka zo da ita daga ƙasar Hausa ta hanyar Sudan, a zamanin da mutanen Makka suke ƙirga sa'o'i daga faɗuwar rana, wato magariba ita ce ƙarfe goma sha biyu. Wata yamma muna kan rufin gida na ce mata, "Hajiya, ga shi can, shida saura kwata." Ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wurin can dutse ne, ganuwar Turkawa tana bisansa."

Ganuwar Ajyad take nufi, wadda Daular Usmaniyya ta gina a ƙarshen ƙarni na 18 don tsaron Ka'aba, aka rushe ta a farkon 2002, aka baje dutsen da take kai, har gwamnatin Turkiyya ta fito fili ta nuna ɓacin ranta.

Ba na musun amfanin ginin, tun da wakafi ne na Harami, kuma dubban baƙin Allah suna samun masauki a cikinsa. Abin da ke damuna shi ne, idan mutum yana ɗawafi ya ɗaga ido, agogon yakan cika masa sararin sama, ga kuma matasanmu da suka tashi a inuwarsa, da yawansu ba su san an taɓa yin dutse a wurin ba.

Hajiya kuwa har yau, idan rana ta yi ja, ba ta tambayar ƙarfe nawa. Sai dai ta ce a duba mata ko sha biyu ta kusa, ta ɗauki butarta.