Na tanadi komai don haihuwar maiɗakina, ban bar izini ba

Har yau idan na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Kuɗin haihuwa na ajiye, jika talatin cikin gwangwani. Lambar mai adaidaita biyu na rubuta a bangon ɗaki. Ƙannena biyu sun je an duba rukunin jininsu ko za a buƙaci ƙarin jini. Awo kuwa maiɗakina ba ta taɓa fashi ba, tana shan ƙwayar ƙarin jini kullum, ta sha Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sau uku, muna kwana cikin gidan sauro. Abu guda ne ban yi ba: ban taɓa buɗe baki a gaban Inna na ce idan wani abu ya taso ba na nan a tafi likita kar a jira ni ba.

Cikin yana wata takwas na tafi kasuwar Jibiya, salula ta mutu a hanya. Tun da hantsi kanta yake sarawa, fuska da yatsu suka kumbura, tana gani dishi-dishi. Ta san alamun, an faɗa musu wajen awo. Ta ce, "Inna, jikin nan ba daidai yake ba." Inna ta ce ta daure maigidan ya dawo, mace ba ta fita ba da sanin mijinta ba, ta ba ta jiƙo. Ban ga laifin Inna ba, a haka ta tashi. An yi ta kirana ba ta shiga. Wajen awa shida ana zaune, ga kuɗi a gwangwani, ga lamba a bango.

Wadda ta fitar da ita ma abin kunya ne a gare ni. Shugabar asusunsu ce ta biyo sawu don ba ta ga maiɗakina wajen zubi ba, asusun da na sha yin ƙorafi cewa yawo ne kawai. Tana ganin fuskar ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba ta jiran kowa. In ya dawo ya yi faɗa da ni." Kafin su isa likita jijjiga ta kama ta cikin adaidaita. Hawan jinin masu ciki ne: daga 140 bisa 90 ake fara damuwa, nata ya haura 160 bisa 110. Aka yi mata allurar tsai da jijjiga, aka ciro yaron ta tiyata. Dukansu suna raye, alhamdu lillahi.

Ga abin da nake gaya wa duk mai iyali yanzu. Izini a bayar da shi tun cikin yana wata uku ko huɗu, da baki, a gaban wadda maganarta ke aiki a gidan idan ba ka nan: mahaifiyarka ce, uwargida ce ko yayarka. Gaya wa matar ita kaɗai cikin ɗaki bai isa ba, don ba ita za a saurara ba ranar. A lissafa alamun ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, gani dishi-dishi, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta wuce awa 12. Ko ɗaya aka gani, a kama hanya, a kira ka daga can.

Kuɗin kuma a hannunta za su zauna, ba cikin akwatin da makullinsa ke aljihunka ba. Tun 2006 awo da tiyatar haihuwa kyauta ne a likitocin gwamnati a Nijar, amma kuɗin mota, abincin mai jinya da maganin da ya ƙare aka rubuto maka ka sayo, duk kai ne. Jika talatin ɗina kwana huɗu suka yi. Sauran daga asusun taimakon ƙungiyarsu ya fito, aro ba riba.

Sai bayan nan na zauna na fahimci yadda asusun nasu, wato Mata Masu Dubara, yake aiki, tsarin da CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991. Mata ashirin zuwa talatin, zama sau ɗaya a mako, zubi daidai ƙarfin kowa, akwati mai kwaɗo fiye da ɗaya, makullan a hannun mata daban-daban. Ban da kuɗi, a can suke jin wace ungozoma ce ke aikin dare, yaushe ake rigakafi, wa ta kwana biyu ba a gan ta ba. Ranar zaman yanzu ni ke tsare yara, ko in kai su wajen Inna. Kuma kar ka ari kuɗin zubinta ka ce za ka mayar bayan kaka. Mako biyu ta kasa zubi, kunya za ta hana ta zuwa, shi ke nan ba mai biyo sawunta.

Da ta sake samun ciki na tara Inna da yayata na faɗi maganar, har na maimaita. Inna ta dube ni ta ce, "To da can me ya hana ka faɗa?" Shiru na yi.